JIRGIN RUWAN DA BA SHI DA MATUƘI

A hutun da ya wuce na tafi Yawuri gai da kawuna, wanda sana'arsa fito ce a kogin Kwara tun ba a haife ni ba. Ran nan da la'asar muna zaune a kwata yana toshe ɓarakar jirginsa, sai na ba shi labarin da malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu a aji, cewa a ƙasar Holan an ƙera jirgin ruwa mai tuƙa kansa, ba matuƙi, ba gora, ba filafili. Kawu ya dube ni, ya yi dariya har ya ajiye gudumarsa. Ya ce, "Kai yaro, lalle boko ya fara taɓa ka. To, na ji. Amma in kun koma ka tambayo mini malamin naku abu uku. Da wane ido jirgin nan yake gani? In mutum ya faɗa ruwa, wa zai miƙa masa hannu? Sa'an nan mu masu fito mu ci me?"

Na yi shiru, don ko ɗaya ban iya amsawa ba. Da aka dawo makaranta na kai wa malam tambayoyin. Maimakon ya amsa mini, sai ya ba ni abin karantawa, ya ce in nemo da kaina, in kuma rubuta don 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ji. Abin da na samo ke nan zan bayyana. Labarin jirgin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin ƙera shi. Ba don a burge duniya aka yi shi ba. Wani tsohon birni ne nauyin motoci yake nema ya rusa masa gaɓa, shi ya sa mutanensa suka waiwayi ruwan da suka daɗe da juya wa baya.

Sunan birnin Amsterdam, shi ne babban birnin Holan. Ya samo sunansa daga wata madatsa da aka yi a kan kogin Amstel. Ƙasar wurin fadama ce mai laushi, saboda haka sai an kakkafa dogayen turakun itace cikin ƙasa kafin a ɗora gini a kansu. A ƙarni na 17, sa'ad da fataucin mutanen Holan ya kai ko'ina a duniya, suka haƙa manyan hanyoyin ruwa suka kewaye garin da su, zobe bayan zobe. Su ne ake kira kanal, kamar na noman rani da muka sani, sai dai waɗannan suna da faɗin da jirage za su gitta juna a ciki. Tsawonsu duka ya wuce kilomita 100. A zamanin nan ruwa shi ne titi. Jirgi ne ke kawo hatsi da itace da kayan yaji har ƙofar siton attajiri, a sa igiya a jawo su sama. Har yanzu mai kallon tsofaffin gidajen zai ga ƙugiyar jawo kaya a can ƙololuwarsu. A shekarar 2010 Hukumar UNESCO ta sa waɗannan hanyoyin ruwa cikin kayan tarihin duniya.

To, yaya aka yi ruwan ya rasa aikinsa? Jirgin ƙasa ne ya fara ƙwace masa. A 1889 aka buɗe babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, aka kuwa gina ta daidai bakin ruwa, ta shiga tsakanin gari da tsohuwar tashar jiragensa. Aka cike waɗansu hanyoyin ruwa da ƙasa aka mai da su titi. Bayan haka mota ta zo ta ɗauke ragowar dakon. Sa'an nan a 1956 wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ya fara jigilar kaya a teku cikin manyan akwatunan ƙarfe, watau kwantena. Jiragen kwantena ƙatti ne, suna bukatar ruwa mai zurfi da fili mai yawa, don haka a biranen duniya da dama tashar jiragen ruwa ta tashi daga tsakiyar gari ta koma bayan gari. Aka bar tsofaffin kwatoci kango. Kanal ɗin Amsterdam kuwa suka zama galibi wurin yawo da baƙi masu buɗe ido, da wurin ɗaure jiragen da mutane suka mayar gidajen kwana.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Titunan da ke gefen kanal a kan katangun bulo suke zaune, katangun kuma a kan turakun itace, da yawansu sun shekara ɗari ko fiye. Waɗanda suka gina su doki da amalanke suka sani, ba su taɓa mafarkin motar kwashe shara ko ta dakon siminti ba. Shekara da shekaru manyan motoci suna bi ta kai, turakun suna ruɓewa ta ƙasa. Ran 1 ga watan Satumba na 2020 wani yanki na katangar da ake kira Grimburgwal, a tsakiyar gari kusa da jami'a, ya zube cikin ruwa. Hukumar birnin tana da katangun gaɓa wajen kilomita 200 da gadoji fiye da 800 da za ta bincika, ta gyara waɗanda suka lalace, aikin da zai ci shekaru da kuɗi masu ɗimbin yawa. An kuma taƙaita shigar motar da nauyinta ya wuce tan 7.5 cikin tsohon gari, sai da izni. To, in an hana babbar mota, wa zai kawo wa kantuna kaya? Wa zai kwashe shara? Ga shi a unguwannin tsohon gari mutane a bakin titi suke ajiye buhunan shara, ɓeraye da tsuntsayen teku su yi ta yagawa. Amsa tana nan kwance a ƙofar kowane gida, watau ruwan nan da aka manta da shi.

Amma dako ta ruwa yana da tasa wahala. Kanal ƙunci gare su, gadojin kuma gajeru, sai ƙaramin jirgi ke wucewa. Ƙaramin jirgi kaya kaɗan yake ɗauka, kowanne kuwa sai an biya matuƙinsa albashi, a ƙasar da ladan ma'aikaci yake da tsada ƙwarai. A nan ne masana suka ce, me zai hana a yi ƙananan jirage masu yawa waɗanda za su tuƙa kansu? A 2016 jami'ar kimiyya ta MIT da ke Amurka ta haɗa kai da wata cibiyar binciken birane ta Amsterdam mai suna AMS, suka fara aiki na shekara biyar, suka raɗa wa jirgin suna Roboat. Ba su yi gaggawa ba. Sun fara da ɗan ƙarami mai tsawon kamar mita 1, suna gwada shi a tafkin wanka. A 2020 suka yi mai mita 2 wanda ya ɗauki mutum biyu. A 2021 suka fito da cikakkensa mai tsawon mita 4, mai iya ɗaukar mutum 5 ko kaya na kilo 1,500. Da batir yake aiki, caji ɗaya yana kai shi kamar awa 10, gudunsa kuwa wajen kilomita 6 ne a awa, watau ya ɗan ɗara saurin mai tafiya a ƙasa.

Yanzu sai tambayar Kawu ta fari, da wane ido yake gani? Idanunsa iri uku ne. Na ɗaya, yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam, irin wanda wayar hannu ke karɓa, ya san wurin da yake a kan taswira. Amma wannan ba ya isa, don dogayen gidaje da gadoji suna tare saƙon. Na biyu kuwa wata na'ura ce da ake kira laida. Kowa ya san yadda jemage ke tashi cikin duhu bai yi karo ba: yana yin tsuwa, ya saurari amsa-kuwwar da ta dawo, ya gane akwai bango a gabansa. Haka laida take yi, sai dai ita haske take harbawa kowace kusurwa, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Da haka take zana siffar katanga da gada da jirgin da ke tahowa, ta kuma san nisan kowanne, ko da rana ko da dare. Na uku kyamarori ne, waɗanda ke taimaka wa kwamfutar jirgin ta bambance kwale-kwale da agwagwa. In ta ga abin da ba ta sani ba sai ta ajiye hotonsa, daga baya mutane su duba su gaya mata sunansa, gobe ta gane shi.

Gani daban, tuƙi daban. Mota in an taka birki sai ta tsaya, amma jirgi ba shi da birki, ga iska tana tura shi, ga igiyar ruwan da wani jirgi ya tayar tana kaɗa shi. Kawu da jikinsa yake jin waɗannan, ya gyara da filafili tun kafin ya yi tunani. Ita kwamfuta lissafi take yi ba hutawa: ga inda nake, ga inda nake so in je, ga yadda ruwa ke karkatar da ni. An sa wa jirgin farfela huɗu, saboda haka yana iya yin gaba, ya yi baya, ya matsa gefe kamar ƙaguwa, ko ya juya a inda yake tsaye. In ya zo kwata sai kyamara ta nemi wani tambari mai zanen baƙi da fari da aka manna a wurin, ta daidaita jirgin da shi, wani hannun ƙarfe ya kama. Da wannan dabara jirgi yana iya kama ɗan'uwansa su zama ɗaya. Bugu da ƙari samansa cirewa ake yi, yau a ɗora kujerun fasinja, gobe a ɗora kwandon shara.

To, me wannan zai canja a bakin ruwan birni? Abin da masu aikin suka hanga shi ne, da dare sa'ad da jiragen baƙi suka tashi daga aiki, ƙananan jiragen nan su bi unguwa-unguwa shiru ba hayaƙi, su ja kwandunan sharar da suka cika, su bar waɗanda ba kome. Da asuba su kawo wa kantuna kaya. Nauyin da ke danne katanga ya koma kan ruwa, wanda ba ya gajiya da ɗauka. Abu na biyu shi ne ƙetarewa. A Amsterdam akwai wani wuri tsakanin tsohon filin sojan ruwa da gidan nune-nunen kimiyya, inda faɗin ruwan bai wuce mita 60 ba, amma mai ƙafa sai ya kewaya kusan kilomita guda. Aka tsara cewa jiragen su riƙa kai da kawowa a wurin ba tsayawa, su zama kamar gada mai motsi. Gadar gaske tana cin kuɗi da shekaru, tana kuma tare jirage masu tsawo. Jirgin fito kuwa in bukata ta koma wani wuri, sai kawai a mai da shi can.

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne, don birnin da kansa ya riga ya ga abin da fito ke yi wa unguwa. A arewacinsa, hayin ruwan da ake kira IJ, akwai wata babbar maƙerar jiragen ruwa mai suna NDSM wadda ta durƙushe a 1984, wurin ya zama kufai. Daga bayan tashar jirgin ƙasa jiragen fito suna ƙetarar da masu ƙafa da masu keke kyauta zuwa hayin. Sannu a hankali masu zane da masu sana'ar hannu suka shiga tsofaffin rumfunan maƙerar, gidajen abinci da ofisoshi da gidajen kwana suka biyo baya. Wurin da ake iya isa cikin sauƙi shi ke rayuwa. A birnin Utrecht ma, can cikin Holan, sun cike wani yanki na kanal ɗinsu wajen shekarun 1970 suka yi babban titin mota, daga baya suka yi da-na-sani, suka fasa titin, a 2020 ruwa ya koma mazauninsa. Ashe birane sun fara juyo da fuskarsu wajen ruwa, jirgi mai tuƙa kansa kuwa ɗaya ne daga cikin kayan aikin wannan juyi.

Ba Holan kaɗai ke wannan ƙoƙari ba. A birnin Trondheim na ƙasar Norwe, a 2022, jami'ar kimiyyar garin ta gwada wani ɗan jirgin fito mai suna milliAmpere 2 har mako uku, yana ƙetarar da jama'a wani kanal mai faɗin kamar mita 100. Fasinja maɓalli kawai zai danna jirgi ya zo. A Stockholm, babban birnin Suwidin, wanda ke zaune a kan tsibirai 14, wani jirgin lantarki mai suna Estelle ya fara ɗaukar fasinja a watan Yuni na 2023 tsakanin tsibirai biyu. Har ila yau a Norwe akwai Yara Birkeland, mai tsawon mita 80, mai ɗaukar kwantena 120, wanda ya fara dakon takin zamani a 2022 daga masana'anta zuwa tashar Brevik, da niyyar rage zirga-zirgar manyan motoci sau 40,000 a shekara. Amma ga abin lura. Dukansu uku da mutum a cikinsu suka fara aiki, yana zaune yana kallo, in abu ya rikice ya karɓi tuƙi. Shi ma Roboat da mai lura da shi daga tudu aka tsara shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar Kawu ta biyu, wadda ta fi nauyi. Dokar hana karon jirage ta duniya, wadda aka tsara a 1972, ta wajabta wa kowane jirgi ya sa ido da kunne a kowane lokaci. Haka kuma tsohuwar ƙa'ida ce ta ma'aikatan ruwa cewa matuƙi ya taimaki wanda ya gani yana nutsewa. Kwamfuta tana iya ganin kan mutum a ruwa, ta tsai da farfela, ta kira 'yan agaji, amma ba ta da hannun da za ta cafko shi. A Amsterdam kuwa mutane sukan faɗa kanal, musamman da dare. Sa'an nan in jirgi ya yi karo, wa za a kama? Wanda ya ƙera shi, ko mai shi, ko wanda ke zaune a ofis yana kallon jirage da yawa a lokaci guda? Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Landan, ta ƙare wani nazari a 2021 inda ta kasa irin jiragen nan mataki huɗu, daga wanda na'ura ke taimaka wa ma'aikata kawai har zuwa wanda ke yanke shawara shi kaɗai. Tsakanin matakin fari da na ƙarshe akwai tafiya, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Tambaya ta uku, masu fito su ci me? A nan ba zan yi wa Kawu daɗin baki ba. Ainihin abin da ya sa ake son jirgin shi ne a rage kuɗin matuƙi, saboda haka in ya yaɗu waɗansu za su rasa aikin da suka gada. Gaskiya ne za a bukaci masu lura daga tudu, da masu gyaran batir da injin, da masu gina kwata. Amma wanda ya rasa tsohon aiki ba lalle ne shi zai sami sabon ba, sai in an koya masa tun da wuri. Akwai kuma wata hasara da ba a cika faɗa ba. In bakin ruwa ya yi kyau, kuɗin haya sai ya hau. A Landan, bayan an rufe tsofaffin tashoshin jirage na gabashin gari wajen 1981, an gina dogayen benayen bankuna a wurin, amma iyalan 'yan dako da yawa ba su iya sayen sababbin gidajen da aka yi a unguwarsu ba. Gyaran gaɓa in ba a yi shi da talakan gaɓa ba, korarsa yake yi.

Da na gama karatun nan sai hankalina ya komo gida. Ba na cewa gobe a kawo wa Kawu jirgi mai kwamfuta. Kanal ɗin Amsterdam ruwa ne kwantacce mai katanga, Kwara kuwa tana cika tana janyewa, ga kututture a ɓoye, ga yashi yana sauya wuri kowace shekara. Amma akwai abin koyi. Mutanen nan kafin su saki jirgi ɗaya sai da suka auna ruwansu, suka san nauyin da jirgin zai ɗauka, suka shirya wurin tsayawarsa, suka tambayi wanda alhaki zai hau kansa. Mu kuwa ba mu manta da hatsarin Bagwai a Jihar Kano ba, a watan Nuwamba na 2021, inda jirgin da aka cika fiye da kima ya kife, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta kamarmu. Abin da ya ci su ba rashin kwamfuta ba ne. Ƙidaya fasinja, da rigar ruwa, da kwata mai kyau, da hana tafiyar dare ba fitila, ba sa jiran wata sabuwar na'ura.

Hutu mai zuwa zan koma Yawuri da amsoshina. Zan ce wa Kawu ta fari na samo ta sarai, jirgin yana gani, har cikin duhu ma. Ta biyu da ta uku kuwa, su kansu masu jirgin suna kan nema, shi ya sa ba su yi saurin sallamar mutum ba. Na san abin da zai yi. Zai yi murmushi, ya miƙo mini filafili, ya ce in shiga mu ƙetare tun rana ba ta faɗi ba.